Gudun kwamfuta ko gudun hannu?

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu sayar da kwamfuta suka samu bakin magana: a yar da tsohuwa, a sayi mai gudu. Windows 11 ba ta hawa kowace na'ura. Tana neman guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a kayan Intel sai zubi na 8 zuwa sama. Yawancin kwamfutocin tebur da na sani a Droum da birnin Damagaram, a ofisoshi da shagunan buga takardu, ba su kai nan ba.

Ni dai ma'aunina daban ne. Minti nawa manomin da ya zo a buga masa takardar sayen gona zai yi zaune a kan benci? Wannan shi ne gudun da ya dame ni.

Dubi allon maɓallai kawai. Sakatarorinmu da AZERTY suka koyi aiki, irin na Faransanci. Kwamfutar da aka sayo a Kano kuwa da QWERTY take zuwa, Windows ɗinta da Ingilishi. A ta koma gurbin Q, Z ta koma gurbin W, é da ç sun ɓace. Na ga wani mai shago, wanda hannunsa ya shekara goma yana gudu ba ya duban maɓalli, ya koma laluben harafi da yatsa ɗaya a kan sabuwar na'ura. Injin ya ninka gudu, layin jama'a ya ninka tsawo.

Sai batun wuta. Kwamfutar tebur ba ta da batir. Wuta na ɗaukewa, abin da ba a adana ba ya tafi, kome tsadar injin. Akwatin batir mai riƙe wuta na ƴan mintuna ya fi wa mai shago amfani a kan ƙarin gudun da ba zai taɓa ji a Word ba.

Sau da yawa ma tsohuwar ba tsufa ke damun ta ba. Ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, injin ya yi zafi ya rage gudu da kansa. A busa ƙurar, a sauya faifai mai juyawa da SSD, a kai RAM giga 8, sai ka rantse sabuwa ce, alhali kome na nan inda hannu ya saba.

Wuri ɗaya ne ba na jayayya. Na'urar da ke shiga intanet, kuma tana ɗauke da sunayen mutane ko lissafin kuɗi, bai dace a bar ta kan Windows ɗin da ba a toshe masa ɓaraka ba. Ita a sabunta ta. Amma kafin a biya, a tambayi wanda zai zauna gabanta, a haɗo masa da allon AZERTY, a juya harshen zuwa Faransanci, a ba shi kwanaki ya saba. Allon maɓallai bai kai jaka goma ba, kuma shi ake mantawa a kasuwa.