Igiyar Raƙumi: Darasin da Na Koya a Daren Kulle



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda lafiya da cuta suke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, yau zan ba ka labarin wani dare da na ji kunyar kaina. Ranar 16 ga Afrilu, 2020 dokar kulle ta fara aiki a Kano saboda annobar korona, mako guda bayan haka kuma aka kama azumin shekara ta 1441. An rufe makarantu da kasuwanni, an dakatar da jam'i, tituna sun yi tsit. Kafin dokar ta fara na yi abin da kowane magidanci ya yi: na sayo shinkafa da gero da mai da sukari, na ce mun shirya.

Wata rana daf da buɗe-baki, 'yata mai shekara uku ta jawo kwanon kunun gyada da aka sauke yanzu-yanzu, ya kwarare mata a damtse. Ihunta ya cika gida. Na buɗe durowar da muke jefa magunguna, sai na tarar da rabin katin farasitamol da wata kwalbar maganin tari da wa'adinta ya wuce. Babu bandeji, babu auduga, kemis ɗin unguwarmu kuma a rufe. Mahaifiyata ta ce a fasa ɗanyen ƙwai, matata ta ɗauko man goge baki, ni kuwa ina tsaye ina maimaita addu'a, hannuna babu komai.

Allah Ya taimake mu da maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin jinya. Tana shigowa ta karɓe man goge bakin, ta cire wa yarinyar riga, ta sa aka riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20. Ta hana a sa ƙanƙara, ta hana a fasa bororon da ya taso, sannan ta rufe ƙunar da tsabtataccen bandeji daga jakarta, ta ce da safe lallai a kai ta asibiti domin ƙunar ƙaramin yaro ba a raina ta. Da za ta fita ta dube ni ta ce: "Malam, jikokina a wajenka suka ji labarin ɗaure raƙumi. To ina taka igiyar?"

Wallahi maganar nan ta fi mari zafi. Sau nawa na karantar da ɗalibaina hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara? Sau nawa na ba su ƙissar Annabi Yusuf (AS), wanda ya tsara a adana hatsin shekaru bakwai na yalwa domin shekaru bakwai na fari? A farkon annobar ma na sha kafa hujja da Sayyidina Umar (RA), wanda ya isa Sarg a hanyarsa ta zuwa Sham, ya ji labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a zuwa Madina. Da Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ne wannan, sai ya nuna masa cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Duk na san wannan a baki, amma gidana bai shaida ba.

Da gwamnati ta sassauta dokar a ranakun Litinin da Alhamis, na je wajen Hajiya da takarda da biro. Ga abin da ta sa na tanada a cikin ƙaramin akwatin roba mai murfi:

1. Bandeji da filasta da auduga da almakashi da safar hannu, da maganin wanke ciwo.
2. Ma'aunin zafin jiki. Idan ya kai 38 zazzaɓi ne, ba sai an yi ta taɓa goshi ana kintace ba.
3. Farasitamol na manya da na yara, a bi ƙa'idar da ke jikin kwalin. Ba a ba yara asfirin.
4. Garin ruwan gishiri da sukari na kemis, da ƙwayar zinc, domin gudawa. Idan babu garin, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe, cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa.
5. Sabulu da takunkumi da tocila.
6. Maganin da likita ya ɗora wani na gida a kai, kamar na hawan jinin mahaifiyata, wanda zai kai wata guda.
7. Takarda mai ɗauke da lambar wani ma'aikacin lafiya da ta mai abin hawa a unguwa.

Ta kuma ja min kunne a kan abin da ba ya shiga akwatin. Ba a tara maganin kashe ƙwayoyin cuta a riƙa sha da ka, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma sai bayan gwaji. A watan Maris na shekarar 2020 an kwantar da mutane a asibitocin Legas saboda sun yi wa kansu yawa da kulorokwin, suna zaton rigakafin korona ne. Akwatin na taimakon farko ne kawai. Numfashi da ƙyar, jijjiga, jinin da ya ƙi tsayawa, ko yaron da ya kasa shan komai, duk na asibiti ne ba tare da jinkiri ba, ko da akwai dokar kulle.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma akwatina yana nan a saman kabad inda hannun yara ba ya kai. Duk shekara a watan Sha'aban nakan sauko da shi, in duba ranar ƙarewar kowane magani da lambar NAFDAC, in maye gurbin abin da ya ƙare. Sau uku maƙwabta suna ƙwanƙwasa mana ƙofa cikin dare saboda shi.

Ya ɗan'uwa, musamman kai da ka yi aure kwanan nan: iyalinka amana ce, kuma za a tambaye ka a kanta. Addu'a wajibi ce a kanmu, waraka kuma daga Allah take shi kaɗai, amma wanda ya umarce mu da addu'a shi ne ya shar'anta mana riƙo da sababi. Kuɗin wannan akwati bai kai abin da da yawanmu muke kashewa a katin waya ba. Har yau akwai ɗan tabo a damtsen 'yata, duk ranar da na gan shi sai in tuna tambayar Hajiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu a wannan annoba, Ya kare mu daga irinta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne.