Gwajin inji a hanyar Kano zuwa Kaduna

Motar kawuna Fijo ce 504, irin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Kakuri ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. An yi wa injinta garambawul a wani gareji a Kano, aka goge kirankishaf, aka sa sabbin ringi da metal. A tsaye kukanta lafiya lau. Kawu dai ya ce shi bai yarda da gwajin tsaye ba, sai ta sha titi. Don haka muka yi sammako cikin hazon hunturu, muka nufi Kaduna, tafiyar kilomita ɗari biyu da ɗoriya.

Kura da Kwanar Ɗangora mun wuce su ba wata matsala. A Zariya muka tsaya shan shayi, Kawu ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya ja tsaki. Man ya sauka, alhali ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Bayan Jaji kuwa, duk sanda ya taka totur sai in ga shuɗin hayaƙi ta madubi.

Da muka isa Kaduna, a Panteka muka sami wani dattijon bakanike, abokin Kawu tun suna samari. Bai nemi dogon bayani ba. Ya kwance fulogogi ya jera su a kan kwali bisa tsarin da suka fito. Biyu busassu ne, ruwan ƙasa-ƙasa, biyu kuma baƙi ƙirin, jiƙe da mai.

"Alhaji, waɗannan biyun ne ɓarayinka," in ji shi.

Yaransa suka ɗage kan injin, suka sauke kaskon mai na ƙasa. Ya kama hannuna ya tura cikin silinda ta uku.

"Yaro, ja farcenka a nan."

Farcen ya sarƙe. Wasu siraran zane ne daga sama zuwa ƙasa, ido bai cika ganinsu ba. A can sama kuma, inda ringi ke tsayawa, ƙarfen ya yi ɗan tudu, alamar silindar ta daɗe da cinyewa. An zuba sabon ringi a tsohon rami, mai kuwa ya sami hanya ya haye sama yana ƙonewa.

Metal ɗin ma sun ba ni haushi. Sabbi fil, amma fuskarsu duk ƙarce, a wani gefen har jan ƙarfen ciki ya fara leƙowa. Dattijon ya dangwali man da ya kwanta a kasko, ya murza a yatsu, ya ɗaga wa rana, sai ga shi yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. Ya ce bayan an goge kirankishaf ba a wanke ramukan da mai ke bi ba, garin ƙarfen ya zauna, famfon mai ya yi ta kai wa metal. Matatar iska ma a yage take, ƙurar hunturu tana shiga kai tsaye. A ganina wannan ce ta fi ciwo, don kuɗinta bai kai na galan ɗin baƙin mai ba.

Kawu ya tambayi abin yi. Aka ce sai an faɗaɗa silinda a sa fistan mai girman da ya dace, a sake auna kirankishaf, a wanke komai da kananzir a bi shi da iska. Suka daɗe suna ciniki. Da la'asar muka bar motar a nan, muka tafi tashar Kawo neman motar Kano.