Sitiyari mai yawo ba halin tsohuwar jif ba ne

1/ Jama'a, masu tsofaffin jif a gida ku matso kusa. Idan mota tana yawo a kan titi, sai ka ji ana cewa "ai haka tsofaffin nan suke, sabawa ake yi." Wallahi ba haka suke ba. Wani abu ne ya ci a ƙasa, kuma ana gano shi ba sai an zubar da kuɗi ba. Ku biyo ni.

2/ Ta gidanmu Land Cruiser ce, samfurin 80, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1990 da 1997. Ta girme ni. Ita ke kwaso gero daga gona, ita ke kai Inna asibiti Kano duk wata. Sayen wata ba ya cikin lissafinmu, lafiyarta lafiyarmu ce.

3/ Bara ta tsiro da hali. Kana kan miƙaƙƙiyar kwalta sai ta zame dama, ka dawo da ita ta zarce hagu. Tirela in ta wuce, iskarta kaɗai ta isa ta ture ta. Abba yakan iso Kano kafaɗu a ƙage, ko hira ba ya yi a hanya. Ga Inna a baya, ga ƙannena.

4/ Garejin farko ko leƙa ƙasanta ba su yi ba, suka ce akwatin sitiyari ne, a sayo na Beljiyam. Na biyu suka ce alaimen. Aka yi, aka biya, ba ta sauya zani ba. Da na dawo hutu, Abba ya ce in kai ta wurin wani dattijon bakanike, abokinsa tun suna samari.

5/ Geji ya fara ɗauka kafin sifana. Tayar gaba ɗaya iska ta yi mata yawa, ɗayar ta yi kaɗan. Ya daidaita su, ya duba girmansu da yadda suka ci. Ya ce, "Ɗana, daga mai araha ake farowa. Akwati shi ne ƙarshen zargi."

6/ Sai ya ja birkin hannu, tayoyi na ƙasa, ya ce in hau in riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu kaɗan-kaɗan. Shi ya kwanta ƙarƙashi yana dafa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Nauyin mota ya danne taya, don haka duk gaɓar da ta ci za ta motsa kafin tayar ta motsa.

7/ Ku gane: daga sitiyari zuwa taya sarƙa ce. Sanda, akwati, hannun akwati, doguwar sanda, sai tayarod da ke haɗa tayoyin biyu. Kowace gaɓa in ta yi ɗan lako-lako, a hannunka suke taruwa. Kawunan tayarod biyu ya samu. Ya sa yaronsa ya karɓe ni, na dafa, na ji ƙwas-ƙwas.

8/ Akwai kuma wata sanda a gicciye, daga shasi zuwa aksil ɗin gaba. Ita ke hana jikin mota zamewa gefe. Bushin ɗinta ya yage, roba duk ta fita. Ana kaɗa sitiyari sai ka ga jikin motar na gocewa a kan aksil. Irin wannan motar da kanta take zaɓar hanya.

9/ Daga nan ya sa jak. Ya kama taya sama da ƙasa ya jijjiga, ta yi motsi. Ya ce, "Taka birki ka riƙe." Motsin ya ɓace. Ya ce boris ɗin taya ne. Da motsin ya ci gaba duk da birki, da sai a zargi boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa in an karya kwana.

10/ Na ƙarshen ya fi ba ni mamaki. Ya kalli tsayin motar ya ce, "Wa ya sa mata dogayen sifirin?" Na ce, "Baba, bara aka sa saboda gargadar hanyar gona." Ya nuna min cokalin babur, yadda ya kwanta baya. Wannan kwanciyar ce ke sa kan babur ya miƙe da kansa.

11/ Mota ma tana da ita. A irin wannan jif ɗin, in ka ɗaga ta, aksil yana ɗan murɗawa, kwanciyar ta ragu. Alamar ita ce ka gama kwana sitiyari ya ƙi dawowa tsakiya sai ka dawo da shi. Ko a sa bushin mai gyara kwanciyar, ko a koma sifirin daidai da na asali. Mun koma.

12/ Akwatin da aka ce a jefar? Ɗan ɗauri kawai ya yi wa sukurun da ke samansa, tayoyi a miƙe, yana yi yana gwadawa. Ya ja kunnena: in aka ɗaure shi da yawa sitiyari zai riƙa cijewa a tsakiya, akwatin ya lalace. Haka ɗan shok ɗin sitiyari, sabo yana ɓoye ciwo ne kawai.

13/ Sai da aka canza duk abin da ya ci sannan aka je alaimen. Alaimen a kan gaɓa mai lako-lako, ramin farko zai kwance shi. Yanzu tana tafiya ɗoɗar, kuma duk kuɗin bai kai na akwatin ba.

14/ Taya, gaɓoɓi, bushin, boris, kwanciya, akwati, sannan alaimen. In bakanike ya yanke maka hukunci rigarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ka ƙara gaba. In kuma motar gidanku tana wannan yawon, don Allah a duba ta kafin tafiyar Sallah. Allah Ya tsare hanya.