TAFKIN FOK NA TEKSAS, INDA AKE KAMA KIFI DA TANAR ROBA

A gabas da birnin Dalas, cikin jihar Teksas ta ƙasar Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota, akwai wani tafki da ake kira Fok, wanda ya yi suna wajen masu fatsa. Tafki ne na madatsar ruwa, an tare wani rafi da ke zuba cikin kogin Sabin, aka gama aikin a shekarar 1980 domin tanadin ruwa ga garuruwa da masana'antu. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 110. Idan aka gwada shi da tafkin Volta namu, wanda ya kai murabba'in kilomita 8,500, sai a ce kududdufi ne. Amma fa wannan kududdufi shi ke riƙe da ƙananan garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Kwitman da Alba da Emori da Yantis, domin kuwa masaukan baƙi da gidajen abinci da shagunan kayan su da masu yi wa baƙi jagora a ruwa, duk da kifin tafkin suka dogara.

Abin da zai fara jan hankalin mutumin Ghana a wurin shi ne itatuwa. Lokacin da aka cika tafkin an bar daji mai yawa a tsaye, ruwa ya shanye shi, har yau ga kututture nan birjik, wasu sun leƙo sama, wasu suna ɓoye ƙasa kaɗan. Duk wanda ya taɓa shiga jirgi daga Yeji ko Kete Krachi ya san irin wannan, tun da madatsar Akosombo ta 1965 ma haka ta bar mana itatuwan da ke yaga taru, suna fasa jirage. A Fok an kafa alamu masu yawo bisa ruwa da ke nuna hanyoyin da jirgi zai bi, sauran wurin kuwa an bar wa kifi ya yi gida.

Kifin da ake nema sunansa bas mai babban baki. Launinsa kore-kore ne, da baƙin zane a gefensa, kuma mafarauci ne kamar giwan ruwa, sai dai bai kai shi girma ba ko kusa. Halinsa shi ne ya laɓe a gindin kututture ko cikin ciyawa, in ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gitta sai ya buɗe baki ya zuƙe shi. To a nan wahalar take. Inda kifin yake zaune, nan ne ƙugiya take maƙalewa, mai fatsa ya yi ta asarar zare. Tanar roba da yadda ake ɗaura ta su suka warware wannan matsala.

Wani ma'aikacin injuna mai suna Nick Creme, mutumin garin Akron a jihar Ohayo, shi ya fara narka roba mai laushi yana zubawa cikin ma'auni mai siffar tana a shekarar 1949. Da masuntan Teksas suka gane amfaninta, ciniki ya buɗe a can, har ya mayar da kamfaninsa garin Taila wajen 1960, ba nisa da inda tafkin Fok yake yanzu. A yau shagunan bakin tafkin cike suke da jikokin wannan tana: akwai mai lanƙwasasshiyar wutsiya, akwai mai siffar ƙadangare, akwai mai kama da jatan lande, akwai mai kama da ɗan kifi. Wasu an cuɗa su da gishiri domin su yi nauyi, kifi kuma ya daɗe yana riƙe da su a baki.

Ɗaurin da ya fi shahara shi ne wanda ake kira ɗaurin Teksas. Da farko ana zura zare cikin wata 'yar dalma mai siffar harsashi, tsininta yana duban sandar fatsa, sannan a ƙulla ƙugiya. Sai a soka bakin ƙugiyar a kan tanar kamar rabin santimita, a fito da shi ta gefe, a tura kan tanar har wuyan ƙugiya, a juya ƙugiyar ta fuskanci jikin tanar, kana a nutsa tsininta cikin robar. Da yake tsinin a ɓoye yake, tana za ta bi ta cikin rassa da ciyawa ba tare da ta kama komai ba. Sharaɗi guda ne, dole tanar ta miƙe sambal. In ta karkace za ta riƙa juyawa cikin ruwa, zare ya murɗe, kifi kuma ya ƙi ta.

Akwai kuma ɗaurin Karolina, na ruwa mai zurfi da fili. Shi ana sa dalma mai nauyi, a bi ta da ɗan dutsen ado da wani ɗan ƙarfe mai juyawa, sannan a ƙara zare kamar tsawon kamu ɗaya zuwa biyu kafin ƙugiya. Dalma tana jan ƙasa tana tayar da laka, tana kuwa tana biye a baya tana lilo. Na uku shi ne a soke tanar a tsakiyarta ba tare da dalma ba, a bar ta ta nutse a hankali, kai da wutsiya suna kaɗawa. Na huɗu, wanda masuntan Japan suka yaɗa, dalma ce a can ƙarshen zare, ƙugiya kuma a sama da ita, yadda tana za ta tsaya a gaban kifi ba ta taɓa ƙasa ba. Game da launi kuwa, ƙa'idar da suke bi ita ce mai duhu a ruwa mai laka, mai kama da ciyawa ko ƙasa a ruwa garau.

Mai karatu kada ya ɗauka jefawa kawai ake yi a zauna jira. Mai fatsa yakan jefa kusa da kututture, ya bar tanar ta kai ƙasa yana kallon zarensa, domin sau da yawa kifi yakan ɗauka tun tana sauka. Daga nan sai ya ɗaga sanda kaɗan, ya sauke, ya naɗe zaren da ya saki, ya dakata. Alamar kifi 'yar ƙwanƙwasa ce a hannu, ko kuma a ga zare yana tafiya gefe shi kaɗai. Sai ya sunkuyar da sanda, ya naɗe zare har ya miƙe, ya fizga da ƙarfi, saboda sai tsinin ƙugiya ya huda robar kafin ya kama bakin kifi. Wanda ya yi garaje ya ƙwace tana daga bakin kifi, wanda ya yi nawa kuma kifi ya tofar da ita. Lokacin da ya fi cika da baƙi shi ne watannin Maris da Afrilu, sa'ad da ruwa ya fara ɗumi, kifaye suka hau bakin gaɓa domin yin ƙwai, namiji yana share gurbi yana gadinsa.

Yanzu bari mu zo kan dalilin da ya sa kifin wannan tafki yake girma. An zuba masa irin bas na jihar Fulorida, wanda ya fi na Teksas girma, sannan aka kafa doka mai tsanani. Duk bas ɗin da tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 16 zuwa 24, wato kamar santimita 40 zuwa 61, dole a mayar da shi ruwa nan take. Mutum ba zai tafi da fiye da biyar a rana ba, kuma ɗaya tak daga ciki zai iya kai inci 24. Ba a kama shi da taru, ba a kai shi kasuwa, kuma manya sai da lasisi suke fatsa. Al'adar sakin kifi ta samu ƙarfi ne daga ƙungiyar masu kamun bas da Ray Scott ya kafa a 1968, wadda daga 1972 ta riƙa sakin kifin da aka kama a gasanninta bayan an auna shi.

A shekarar 1986 hukumar kula da namun daji ta jihar ta fara wani shiri na karɓar aron duk bas ɗin da ya kai laba 13, kusan kilo 6, domin ya yi ƙwai a hannun masana a zuba 'ya'yansa a tafkuna. Kifin farko da aka karɓa daga Fok ya fito, mace ce mai laba 17.67, aka sa mata suna Ethel. A watan Janairu na 1992 kuma Barry St. Clair ya kama mai laba 18.18, fiye da kilo 8, wanda ya zama mafi girma a tarihin jihar. Abin dariya, shi da ɗan kifi mai rai ya kama nasa, yana neman wani kifi dabam. Na duniya kuwa laba 22 da oza 4 ne, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, sai a 2009 wani mutumin Japan ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa.

Tanar roba ma tana da nata aibin. Wadda ta tsinke ta faɗa ruwa ba ta ruɓewa da wuri, kifi kan haɗiye ta ta zauna masa a ciki, shi ya sa ake roƙon masu fatsa su riƙa tattara tsofaffin su fito da su tudu.

Gaskiya ne halinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Su nishaɗi ke kai su ruwa, masuntan Volta kuwa abinci da kuɗin makarantar yara suke nema, babu mai ce musu su saki abin da suka kwana suna nema. Amma lissafin kifi ɗaya ne a ko'ina: babbar mace ta fi ƙanana yawan ƙwai nesa ba kusa ba, ɗan kifin da taru mai ƙananan idanu ya kwashe kuma ba zai taɓa girma ya hayayyafa ba. 'Yan'uwanmu masu fataucin busasshen kifi daga Yeji zuwa Kumasi sun fi kowa sanin girman abin da ke shiga kwandunansu, kuma su ne ke da bakin da za su ƙi sayen wanda bai isa kamu ba.