Lokacin da Zaman Tahiya Yake Auna Gwiwar Tsoho

A Lajawa ta da, kamar sauran garuruwan ƙasar Wudil, masallaci ne yake fara tona ciwon gwiwar dattijo. Ranar da aka ga ya miƙe ƙafa ɗaya a zaman tahiya, an san sanyin ƙashi ya kama. In ya koma salla a zaune, abin ya yi nisa. In kuwa aka daina ganin buzunsa a sahu, sai a ce "Baba ya kwanta", kowa ya gane.

Kafin a kai nan, gida yana da dabarunsa. Tsohuwa ba ta rasa abin yi: kaɗi, ɓarar gyaɗa, saƙar faifai, ga jika a cinya. Tsoho yana zaure yana tufkar igiya. Ba don neman lafiya suke yi ba, amma yatsu da kafaɗa suna samun motsi. Da hunturu, jika ko matar ɗa za ta ɗora ruwa, ta tsoma tsumma, ta gasa gwiwa, sannan ta murza da man kaɗanya. Wani lokaci a kira wanzami ya kafa ƙaho.

Sai dai ba komai na da ne abin yabo ba. Da zarar tsoho ya kwanta, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki ko karaya, tausayin da ake yi masa shi yake cutar da shi. "Ku bar shi ya huta, tsufa ne." Yana kwance gefe guda, ƙafa a naɗe saboda sanyi da raɗaɗi, ba mai miƙar masa da ita. Kafin a ankara nama da jijiya sun ƙage, gwiwa ta ƙi buɗewa, yatsu sun dunƙule har farce yana shiga tafin hannu. Daga nan ba alwala da kansa, ba zagawa bayan gida sai an cicciɓe shi. Masu wankan gawa sun fi kowa sanin wannan, don su suke fama da ƙafar da ta ƙi miƙewa cikin likkafani. Asibitin ƙashi na Dala yana nan tun 1959, amma a wancan zamani sai karaya ta gagari maɗori ake tunanin Kano. Ƙagewar gaɓa kuwa ba a ma lissafa ta a ciwo.

Likitocin gashin ƙashi na yanzu suna da jerin tambayoyi da suke auna yadda ciwon gaɓa ya tauye rayuwar mutum. Akwai wanda aka tsara a Jamus don tsofaffi masu ƙagaggun gaɓoɓi, aka mayar da shi Sinanci a Taiwan, aka gwada shi kan mazauna gidajen kula da tsofaffi don a tabbatar yana auna abin da ake so. Namu tsofaffin kuwa a ɗaki suke, hannun 'ya'ya da jikoki, kuma tambayar da ta dace da mai zama a kujera ba ta dace da mai zama a tabarma ba. Shi ya sa aikin malaman Jami'ar Ibadan ya burge ni. Ma'auninsu na ciwon gwiwa da ƙugu, wanda suka gwada Hausarsa suka wallafa a 2008, yana tambayar zaman salla, da tsuguno a masai, da durƙusa wa manya. Abin da mutanen Lajawa suke dubawa da ido ke nan, aka rubuta shi.

Duk wanda yake da tsoho a kwance, ya riƙa juya shi, yana lanƙwasa masa gwiwa da gwiwar hannu yana miƙarwa a hankali, safe da yamma. In gaɓa ta fara ƙin buɗewa, a kai shi wurin likitan gashin ƙashi tun ba ta ƙage ba.