Rufin cikin wata tsohuwar 504

A wata unguwa ta Gaya, gefen hanyar da ke gangarawa gada, wata farar Peugeot 504 ta shekara 11 ƙarƙashin rumfar kwano, kaji na kwana a kanta. Mai ita ya rasu ya bar magada biyar. Huɗu sun ce a sayar wa masu tsofaffin ƙarafa a raba kuɗin. Na biyar, malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda gari ke kira Mushe, ya biya ƴan'uwansa rabonsu daga ɗan abin da ya tara, ya ce zai tayar da ita. Sun yi masa dariya, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Motar haɗin Kaduna ce. A Faransa aka fara ƙera irinta a 1968, masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har 2006. Ta Kamba marigayin ya shigo da ita, ya yi ta jigilar ƴan kasuwa tsakanin Doso, Gaya da Malanbil. Injin bai ba da wahala ba, domin duk makanikin da ya haura shekara 50 ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Inda aiki ya cije shi ne inda mai saye ba ya ɗaga kai ya duba, wato rufin ciki, wanda ya yage ya zazzago har yana shafar hular direba.

Motocin da suka riƙa kwararowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano a shekarun 1990, rufinsu kwali ne da aka manna wa yadi mai siririn soso a baya. In zafi ya cinye soson, sai a kankare a sake mannawa, aikin yini guda. Na 504 ba haka yake ba. Leda ce da aka ɗinka wa aljihuna a baya, a zura sandunan ƙarfe masu lanƙwasa a ciki, a maƙala su a gefunan rufi, sa'an nan a ja bakin ledar a cusa ƙarƙashin robar gilashin gaba da na baya. Ke nan sai an cire gilashi kafin a yi aikin kirki.

A nan hankalin Mushe ya tashi. Watan Afrilu ne na 2024, gadar Malanbil na rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma gilashin na asali ne, ya girmi ɗansa na fari. In ya fashe, sai dai a aika Kaduna, tun da iyakar Nijeriya ta buɗe a watan Maris, amma da wane kuɗi? Samari masu ɗinkin kujerun mota sun ba shi shawara mai sauƙi: a yanke ledar daidai bakin roba, a shafa gam, babu mai ganewa. Ya kusa yarda. Sai aka kwatanta masa wani dattijo da ya bar sana'ar saboda ciwon baya, ba shi da ko yaron shago.

"Baba, ba a iya yi gilashin na wurinsa?"

"Ana iyawa, Mushe. Damina ɗaya zai yi maka. In kunyar ƴan'uwanka kake gudu, ita ce za ta same ka a nan."

Suka yanka tsohuwar robar da wuƙa, suka sauke gilashin a kan katifa kamar mai jego. Da aka zare ledar, sai tarihin motar ya fito fili. Ga gidajen zanzaro, ga bargon tare zafi ya ruɓe, ga tsatsa ta bi gefen rufi, abin da ba mamaki a Gaya, inda ruwan sama ya fi ko'ina yawa a Nijar. Da an bi shawarar samari, da sabuwar leda ta lulluɓe wannan ɓarna har ranar da ruwa zai ɗigo wa fasinja a ka. Mai walda ya ci kwana uku a kai.

Abin da ya zaunar da Mushe shiru, tsaga ce guda bakwai a tsohuwar ledar, kowace an ɗinke ta da baƙin zare. Sawun wuƙar masu bincike ne a kan iyaka, ɗinkin kuwa ya gane shi nan take, irin wanda mahaifinsa ke yi wa jakarsa ta makaranta. A jikin sanda ta uku kuma ga wata ƴar laya a ɗaure, fatar ta bushe ƙamas. Dattijon bai ce komai ba, ya ajiye ta a kan kujera ya ci gaba da sa wa sanduna lamba da alli, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, in aka sauya musu wuri rufin ba ya zama.

Tsohuwar ledar ce ta zama ma'auni. Aka ɗinka sabuwa, aka shanya ta a rana ta yi laushi, aka rataya daga baya zuwa gaba, ana ja daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. Kafin a ɗora sanda ta uku, Mushe ya mayar da layar inda ya same ta, bai buɗe ba.

Sabuwar roba ta iso ta Kamba bayan mako biyu. Dattijon ya zagaya igiya cikin ramin robar, ya shiga mota, ya sa Mushe ya dafa gilashin daga waje da tafin hannu.

"Kada ka danna, ɗana. Ka bi ni kawai."

Igiyar na fita, leɓen robar na hawa ƙarfe, har aka zo kusurwar ƙarshe, gilashin ya zauna da ɗan ƙara. Wata ƴar tattara ta rage a baya ta hannun hagu. Dattijon ya shafa ta da yatsa, ya ce a fitar da motar daga rumfa, a bar wa rana mako guda.