Takardar Shaidar Kwana Biyu

Asabar da Lahadi kawai, wai ka fito da takardar shaidar ƙwararren mai hoton biki. Haka wata makaranta a nan Landan take talla, kuɗin kuma ɗaruruwan fam, abin da zai saya maka gilashin kyamara mai kyau na hannu. Tun da na ga tallar nan raina yake ɓace. A gida, yaron shago da ya yi kwana biyu ko fitila maigida bai yarda ya riƙe masa ba tukuna.

Neman kwas ne ya kai ni wurin. Na daɗe ina ɗaukar hoto don sha'awa, na san haske, na san saurin kyamara, amma hotunana sun tsaya cak, na bana kamar na bara. Irinmu ne muka fi shan wuya wajen zaɓe, domin yawancin kwasa-kwasan na sabon shiga ne, rabin zangon zai ƙare ana nuna maka maɓallan da yatsanka ya riga ya haddace.

Abin da mai gogewa yake saye da kuɗinsa ido ne, wanda zai dubi aikinsa ya gaya masa gaskiya. Mu a gida kyauta muke samun wannan, da faɗa a kai. A nan sai ka biya, kuma malamin zai yi ta lallaɓa ka har ka rasa gane ko hoton ya yi ko bai yi ba. Saboda haka kafin ka ba da ko fam ɗaya, tambayi mutum nawa ne a ajin, kuma sau nawa ake baje hotuna a teburi a yi musu sharhi. Nemi aikin malamin ka gani. Idan ɗaliban bara sun yi baje koli, leƙa. In duk hotunansu kama ɗaya suke da nasa, ka san abin da za a mai da kai. Tambayi kuma ko kuɗin takarda da sinadarin wanki yana cikin kuɗin makaranta.

Sai batun fata. Kamfanin Kodak ya shafe shekaru yana daidaita launi da hoton farar mace, katin da ake kira Shirley, kuma har yau a wasu azuzuwan misalan duk farar fata ce. Mai hoton unguwarmu kuwa zai ɗauki ango baƙi wuluk cikin farar shadda da tsakar rana, fuska ta fito, aikin wuyan rigar ma ya fito. Malick Sidibé na Bamako a shagon wani ya koyi hoto, a 2007 kuma aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venis. Wace Asabar da Lahadi ce za ta ba ka wannan?

Duk da haka ina jin kishin masu hoton Ingila. Suna da tsari, suna da ajiya. Ƙungiyar Royal Photographic Society tun 1853 take, kuma matakin farko na shaidarta, LRPS, hotuna 10 za ka gabatar alƙalai su duba su a matsayin aiki guda; mataki na biyu 15 ne. Ba aji ake shiga ba, amma shirya hotunan nan ya fi kwasa-kwasai da yawa gyara mutum. Makarantun City Lit da Morley College suna da darussan yamma na manya, mako-mako, ga kulob-kulob na masu hoto a unguwanni da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Mu namu na gida in maigida ya rasu, sau da yawa fina-finansa a kwali suke lalacewa.

Ka lura da lokaci ma. A Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4, don haka kwas ɗin situdiyo ko ɗakin wanki shi ya dace da hunturu, na yawon titi ka bari sai Mayu ko Yuni.

Ita kuwa takardar kwana biyun, a Ingila ba a buƙatar lasisi kafin mutum ya yi sana'ar hoto, amarya ma hotunanka za ta ce ka nuna mata. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka, ka wanke hotunanka 10 mafi kyau ka kai wa wanda ba ya jin kunyarka.